Amfiya Ashirin a Gidan Malam Tukur

A Janfalan kowa ya san Ummuhani 'yar Malam Tukur da ƙarancin magana. Ko gaisuwa za ta yi, sai mutum ya kasa kunne kafin ya ji. Karatunta bai wuce firamare ba, amma tun tana aji huɗu, in malami ya rubuta lissafi a allo, ita ce ke fara ajiye fensir, ta sunkuyar da kai tana jiran sauran. Da wata ƙungiya ta zo Ikara da shirin koya wa mata haɗa wutar sola, mahaifiyarta Inna Hajo ce ta yi ta naci har aka rubuta sunanta. Wata uku tana zuwa Ikara kullum da safe, ta dawo bayan la'asar.

Mai koyar da su, Malam Yahya, mutumin Makarfi ne, yana da shagon kayan sola a bakin kasuwa. Dogo ne, ba ya yawan dariya, ba ya kuma yabon kowa. Ranar da aka gama koyon ya tsaya a gabansu, su tara, ya ce mutum ɗaya yake nema a shagonsa.

"Ba na ɗaukar kowa saboda takarda," in ji shi. "Kowacce ta koma garinsu ta yi aiki guda. Bayan wata biyu zan zagayo in gani da idona. Wadda na tarar da aikinta tsaf kamar ranar da ta gama shi, ita zan ɗauka."

Ummuhani ba ta taɓa son wani abu kamar yadda ta so wannan gurbin ba. Ta san abin da ke jiranta in ta rasa shi: tabarma a tsakar gida da tulin barkonon mutane, tana cire masa hanci daga safe har yatsu su ɗauki zafi.

Aka yi dace barkono ya yi kyau a shekarar. Malam Tukur ya sayar da rabi, ya jibge rabi a ɗakin ajiya yana jiran ya yi daraja, sannan ya sayo farantan sola biyu da batir da fanka. Kwana biyu Ummuhani ta yi tana aikin. Ta ɗora farantan a kan kwanon zaure, ta ajiye batir a cikin zauren, ta jawo waya ɗaya ta bi da ita ƙarƙashin azarar ɗakin ajiya har cikin sashensu. Wannan ita ce uwar waya, duk abin da za a kunna a jikinta zai sha. A bakin batir ta ɗaura fis, ɗan ƙaramin abu mai siririn ƙarfe a ciki, wanda aikinsa shi ne ya tsinke in wuta ta yi yawa, tun kafin waya ta yi zafi.

Ta yi irin haɗin da masu sana'ar ke kira faralel, wato kowane ƙwan fitila da tasa hanyar daga uwar waya, kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya mutu sauran na nan. Lissafin kuwa a bayan kwalin batir ta rubuta shi da biro. Ƙarfin batir bolt goma sha biyu ne. Ƙwai guda turjiyarsa om goma sha biyu, sai ya ja amfiya ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Ƙwai huɗu, amfiya huɗu. Fanka om shida, amfiya biyu. Duka amfiya shida ke nan, turjiyar gidan gaba ɗaya om biyu. Uwar waya kuwa amfiya goma take ɗauka lafiya, don haka ta sa fis na goma. Ta ja layi a ƙarƙashi, ta jingine kwalin a bayan batir.

Da aka kunna, Malam Tukur ya tsaya yana kallon ƙwan ɗakinsa. Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa, ya kunna.

"Madalla," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ta.

Sai dai gidan ba nasu ba ne su kaɗai. Gidan gandu ne, kuma babban gidan shi ne Baffa Iliyasu, yayan Malam Tukur, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa aure, ya yanka masa gona. Malam Tukur ya haura hamsin, amma har yau ba ya zama a kan tabarma ɗaya da yayansa. Kwana huɗu da kunna wutar, Ummuhani na kai ruwa zaure ta ji Baffa na cewa:

"Tukur, ashe haske ya shigo gidan nan ya tsaya a ƙofarka."

"Haba Yaya, ai naka ne. Dama jira nake ta huta."

A ranar ta ja wa sashen Baffa ƙwai uku. Ta ƙara a kwali, ya zama tara. Da sauran ɗaya, ta ce a ranta, ba laifi.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Baffa ya aika aka sayo masa fanka a Ikara, bai ma nemi Ummuhani ba, ya sa aka feƙe waya aka murɗa. Ba a yi rabin yini ba komai ya ɗauke. Ummuhani ta duba ta ga fis ya tsinke. Ta jira har mahaifinta ya gama cin abincin rana, sannan ta durƙusa daga gefe.

"Baba, fankar Baffa ce ta tsinke fis."

"Fanka guda? Tamu ba ta tsinke shi ba sai ta Yaya?"

"Ba don tasa ba ce. Wayar goma take ɗauka. Muna tara, fanka ta ƙara biyu."

Malam Tukur ya wanke hannu, ya yarfe. "Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Da aka ƙara ƙwai uku, na zuba ido in ga ko namu zai rage haske. Bai rage ba ko kaɗan. Da aka sa fanka, tamu ba ta rage gudu ba. Abin da kaya suka yi wa yawa ai ana ganinsa yana nishi. Wutar nan taki ƙalau take."

Ummuhani ta gyara durƙuso. Ba ta saba doguwar magana da shi ba.

"Baba, a irin wannan haɗin ba ya nunawa a ƙwai. Kamar ban-ruwa ne a fadama. In an buɗe fangali ɗaya, ruwa kaɗan ke bin babbar hanya. In an buɗe goma, kowane fangali zai sha ya ƙoshi, amma duk ruwan ta babbar hanya yake bi, ita ce ke ɓallewa. Duk abin da aka ƙara, wata ƙofa aka buɗe wa wuta. Turjiya raguwa take, ba ƙaruwa ba, wutar da ke bin uwar waya kuma ta ƙaru."

Ya yi murmushi, ba na mugunta ba. "Yau ke za ki koya mini ban-ruwa."

"A'a, Baba."

"To mene ne maganin?"

"A sayo waya mai kauri a Makarfi, a ja wa sashen Baffa tasa daban, da nasa fis."

"Sai an sayar da sauran barkono. Kafin nan fa? In je in ce wa Yaya ya cire fankarsa, a cikin wannan zafin, don 'yata ta yi lissafi a kwali?" Ya miƙe ya saka takalmi. "Sa wani fis ɗin."

Guda biyu ke gare ta a ajiye. Ta sa ɗaya, ya yi kwana biyu. Ta sa na ƙarshe, bai kwana ba. Washegari ta tashi tana tunanin yadda za ta sake tunkarar mahaifinta, sai ta ga ƙwan ɗakin Inna na ci. Mako guda ya wuce wuta ba ta ɗauke ba. Ta san abin da hakan ke nufi, ta kuma ƙi zuwa zaure ta duba, domin in ta gani dole ta yi magana.

Ranar Litinin da hantsi, maza sun tafi fadama, ta daure ta shiga. Babu fis a gidansa. A maimakonsa an naɗe jan ƙarfe, zare wajen goma, an murɗe shi tam.

"Injiniya, an tashi lafiya?"

Zulkifilu ne, ɗan goggonta, taubashinta, mai haya da babur, wanda ɗakinsa ke jikin zauren. Ya jingina da ƙofa yana sakace.

"An gyara miki aikinki, ko godiya ba ki yi ba."

"Wa ya yi wannan?"

"Kawu Tukur ne da kansa. A tsohuwar wayar injin ban-ruwa ya zaro. Ya ce fis ɗinki rago ne, irin ɗan birnin nan da ba ya jure rana. Kin ga tunda aka sa na ƙauye ko tari bai yi ba."

"Wannan wayar fa da ta shiga ɗakinka?"

"Talabijin ce, ranki ya daɗe. Ƙarama ce, ba ta cin komai. Ko sai na kawo takardar neman izini ofishinki?"

"Waccan fa da ta nufi rijiya?"

"Ta Kawu Iliyasu ce. Surukinsa ya kawo masa ɗan famfon jan ruwa. Ke da za ki yi murna an hutar da ku guga."

Ta je ta karanta abin da ke rubuce a bayan talabijin da jikin famfon, ta dawo ta ɗauko kwalin ta durƙusa. Ƙwai bakwai, amfiya bakwai. Fanka biyu, huɗu. Talabijin om huɗu, amfiya uku. Famfo om biyu kacal, shi kaɗai amfiya shida. Ta haɗa sau biyu, amsa ɗaya: ashirin. Turjiyar gidan ko om ɗaya ba ta cika ba, da kaɗan ta ɗara rabi. Ta rubuta ranar a gefe. Sannan ta shiga ɗakin ajiya, ta taka buhun barkono, ta ɗora yatsa a kan uwar waya. Da ɗumi, kamar cikin kaza mai kwanci, alhali famfo ma ba a kunne yake ba.

Da azahar ta ji famfon ya tashi. Ta koma zaure, ta warware jan ƙarfen ta cire.

Ba ta san surukan Baffa sun zo barkar haihuwa ba, suna zaune a ɗakinsa fanka na kaɗa su. Ba a jima ba mahaifinta ya shigo sashensu. Bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne.

"Ke kika cire?"

"Ni ce, Baba. Wayar ta yi zafi. Ashirin take ɗauka yanzu, ninki biyu."

"Yaya ya kira ni a gaban baƙi, ya tambaye ni ko rowa ce ta sa na kashe masa wuta. A gaban surukansa, Ummu. Ni da ban taɓa sa shi ya maimaita mini magana ba."

"Baba, ta saman barkono wayar ta bi."

"Ranar Alhamis sunan jikan Yaya. Mutane za su zo daga Taba, daga Hunkuyi. Bari a yi suna lafiya, bayan nan ki cire abin da kika ga dama. Kwana uku ne." Ya miƙo mata hannu, jan ƙarfen na tafinsa, ya tsinto shi inda ta jefar. "Je ki mayar. Da hannunki."

Ta dubi Inna. Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ummuhani ta karɓa, ta tafi zaure, ta naɗa shi kamar yadda ta same shi. Fankar Baffa ta tashi, ta ji ɗaya daga cikin baƙin na cewa alhamdu lillahi.

Da yamma ta ce wa Inna, "Ki yi masa magana."

"Na yi. Ya ce kwana uku. Ki yi haƙuri, Allah zai tsare."

Ta ɗauki wayar Inna, ta nemo lambar Malam Yahya, ta danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta katse. Me za ta ce? Ta kai ƙarar mahaifinta wurin baƙo? Ta ajiye wayar. Abin da ta iya yi shi ne, ta janye buhunan da ke dab da wayar zuwa ɗaya gefen ɗakin, iya waɗanda ƙarfinta ya kai. Kuma duk sanda ta ji famfo ya tashi, sai ta zagaya ta kashe ƙwayaye da fankar sashensu, ta bar Inna na fifita da murfin kwano.

Ranar Alhamis gida ya cika tun da safe. An raɗa suna, an yanka rago, mata sun ɗora manyan tukwane. Famfo bai huta ba, ana ta cika randuna da robobi. Ɗakunan duka an buɗe wa baƙi, har da na Inna, kowane ɗaki ƙwai na ci, fankoki na juyawa. Samari sun taru a ɗakin Zulkifilu suna kallo. Sau biyu Ummuhani ta kashe fankar ɗakin Inna, sau biyu wata baƙuwa ta kunna, ta biyun ma har da cewa, "Ke 'yar nan, mugunta ce ko me?"

Bayan azahar tana wanke kwanuka ta ji wari, irin na roba in ta faɗa murhu. Ta saki kwanon ta ruga zaure, ta ratsa ta tsakanin maza ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fizge waya daga kan batir. Ƙarfen ya ƙona mata tafin hannu. Amma ta makara. Robar uwar waya ta riga ta narke a kan azara, ta ɗiga a kan tsohuwar zana da buhuna.

Wutar kanta ba ta fi ƙarfin mutanen da ke gidan ba, ga ruwa cike da randuna. Hayaƙin ne ya kore su. Busasshen barkono in ya kama, ba mai iya tsayawa kusa. Duk wanda ya matso da bokiti sai ya dawo yana tari, ido na zuba, ya durƙushe. Mata suka suri yara suka yi waje, mai jego aka fitar da ita ta bayan gida da jaririn a cikin zane. Sai da aka jiƙa rawuna aka ɗaure fuska, sannan aka samu aka kare sauran ɗakunan. Ba a rasa rai ba. Ɗakin ajiya kuwa ya tafi, da rabin barkonon shekara, da irin masarar da Malam Tukur ya ware don damina.

Baƙi suka watse ba a ci abincin suna ba. Suna fita Ummuhani na jinsu.

"Aikin wuta kuma a ba mace?"

"Wata uku fa kawai ta yi, wai har ta zama injiniya."

Baffa Iliyasu na tsaye a ƙofar gida yana karɓar jaje, yana cewa shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta da abin ba. Malam Tukur na gefensa, yana amsa "Amin, amin" ga masu addu'a. Inna ta shafa wa Ummuhani zuma a hannu ta ɗaure da tsumma.

Tun kafin wata biyun su cika labari ya isa Makarfi, 'yan kasuwar barkono suka kai shi. Ranar Asabar da hantsi babur ɗin Malam Yahya ya tsaya a ƙofar gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da hanya da zafi, ya yi jaje, aka yi addu'a. Sannan ya nemi izini ya duba. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har inda kowacce ta ƙare. Ya leƙa ɗakin da ya ƙone. Ya dawo ya tsuguna gaban batir, ya jawo kwalin ya daɗe yana karantawa. Daga nan ya ce a kira ta.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe su. Baffa na kan buzunsa, mahaifinta na ƙasa daga gefe da carbi a hannu, Zulkifilu na tsaye a waje yana leƙe.

"Malam, mu manoma ne," in ji Baffa. "Ba mu san kan abin nan ba. Abin da yarinya ta haɗa shi muka kunna. Ƙaddara ce, ba ma riƙe ta da komai."

"Haka ne, Alhaji," Malam Yahya ya ce. Ya ɗaga gidan fis ɗin, jan ƙarfen na naɗe a jiki, ya yi baƙi. "Tambaya ɗaya gare ni. Wa ya naɗa wannan?"

Ummuhani ta dubi ƙafafun mahaifinta, don ba ta iya duban fuskarsa. Ta ji ƙarar ƙwayoyin carbi, ɗaya, ɗaya. Ta ba shi lokaci. Kalma biyu kawai zai faɗa, ni ne, shi ke nan. Amma in ya faɗa, sai an tambayi dalili, dalilin kuwa na zaune a kan buzu. Ta ga inuwar Zulkifilu ta janye daga ƙofa. Carbi ya ci gaba da tafiya.

"Ni ce, Malam," ta ce.

"Ke ce."

"Ni ce."

Baffa ya girgiza kai. "Yarinta ce. A yi mata afuwa."

Malam Yahya ya ajiye abin, ya yi musu sallama. Da ya fito wurin babur ɗinsa ya ce a turo ta ta karɓi saƙo. Ta tsaya nesa kaɗan, ta ɓoye hannun mai ciwo a cikin hijabi.

"Na ga kwalin," ya ce. "Ashirin kika rubuta, tun ranar Litinin. Daidai ne, ko ni abin da zan samu ke nan. Wadda ta rubuta wannan ba za ta naɗa jan ƙarfe don ra'ayin kanta ba. Ba kuma zan tambaye ki wanda ya sa ki ba, na shiga gidaje da yawa."

Ta ɗan ɗago.

"A cikin ku tara ba wadda ta kai ki lissafi. Amma ki ji, Ummuhani. Duk gidan da zan aike ki, akwai wani babba a ciki da zai ce ƙara mini guda ɗaya. Wani alhaji ne, wani mai unguwa, wani sa'an kakanki. Duk za su ce ai ƙwai bai rage haske ba. Nan barkono ne ya ƙone. Wani wurin ɗakin yara ne."

"Na cire, Malam," ta ce. "Ranar Litinin na cire."

"Kika mayar."

Ta ƙara cusa hannun cikin hijabi.

"Kin kira ni ranar, na ga lamba. Na kira, ba a ɗauka ba."

Ta tuna wayar na ƙara a ƙarƙashin filon Inna, ita kuma tana zaune tana kallon filon.

"Zan ɗauki Samira ta Malikanchi," ya ce. "Sai ta yi lissafi sau biyu kafin ya fito. Amma da kawunta ya matsa mata a kan firji, batir ɗin ta cire ta kai gidan maƙwabta ta kulle. Har yau ba ya amsa gaisuwarta." Ya hau babur. "Ki riƙa wanke hannun nan da ruwan gishiri. Allah Ya sawwaƙe."

Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace ta hanyar Ikara. Ba ta yi kuka ba.

Tana komawa ta haɗu da mahaifinta a siririyar hanyar da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Ta raɓe jikin bango ta ba shi wuri. Ya tsaya. Ya dubi tsumman hannunta, ya buɗe baki kamar zai yi doguwar magana, sannan ya kawar da kai.

"Allah Ya yi miki albarka," ya ce a hankali, yadda ba za a ji daga zaure ba.

Ta san iyakar abin da za ta samu ke nan, yau da gobe har abada. Ta kuma san amsar da ake bayarwa.

"Amin, Baba."

Daga cikin zaure muryar Baffa ta taso.

"Tukur, zafin nan fa ba a zama haka. An ce akwai wani mutum a Kudan, namiji, ya iya aikin nan sosai. Ka aika a kira shi ya haɗa mana, ya ƙara har da ɗakin mai jego."

Malam Tukur ya juya da sauri, ya cire takalmi a bakin ƙofa.

"To, Yaya," ya ce.